BABI NA UKU: MATSIN DA KIRISTOCI SUKA SHA A ƘARƘASHIN MULKIN GURGUZU A JAMHURIYAR BENIN, 1974–1990

3.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka ambaci mulkin kwaminisanci da irin gallazawar da ya yi wa mabiya addinai, hankalin jama'a yakan tafi ne Tarayyar Sobiyet ko Sin ko Albaniya. Sai dai kuma an yi irin wannan mulki a ƙofar gidan Hausawa, wato a Jamhuriyar Benin, ƙasar da aka sani da sunan Dahomi kafin shekarar 1975. Tun daga ranar 30 ga Nuwamba, 1974 har zuwa watan Disamba na 1989, akidar Markis da Lenin ita ce akidar gwamnati a wannan ƙasa, a ƙarƙashin shugabancin Mathieu Kerekou.

Ƙasar Benin ba baƙuwa ba ce ga mutanen kudancin Sakkwato. Kafin a yanke Jihar Kabi a shekarar 1991, Jihar Sakkwato ce take da iyaka da ita ta ɓangaren Illo da Lolo da Tsamiya. Wanda ya taso daga Sanyinna ko Kebbe ya hau hanyar Tambuwal zuwa Jega, yana iya isa bakin wannan iyaka a yini guda, ko kuma ya bi ta Kamba da Gaya ya haye gadar kogin Kwara ya shiga kasuwar Malanbil. Haka kuma, tun zamanin fataucin goro ayarin Hausawa suke ratsa ƙasar Bargu da garin Jugu a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, abin da ya sa ake samun zangon Hausawa a garuruwa irin su Paraku da Kwatano.

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin yadda gwamnatin Kerekou ta ɗauki Kiristocin ƙasarta. Za a duba matsayin da Kiristanci yake da shi kafin zuwanta, da matakan da ta ɗauka a kan majami'u daban-daban, da kuma yadda al'amarin ya ƙare. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, matsin da aka yi a Benin rikici ne a kan biyayya. Gwamnati ta fi kai hannu ga majami'a a inda majami'ar take riƙe da wani abu da gwamnatin take so ya zama nata ita kaɗai, wato tarbiyyar yara da mubaya'ar talakawa. Haka nan kuma, tsananin matsin ya danganta ne da irin gatan da kowace majami'a take da shi.

3.1 Matsayin Kiristanci a Dahomi Kafin 1972

Aikin mishan na zamani ya fara ne a Dahomi daga gaɓar teku. A shekarar 1843 wani mai wa'azin ɗarikar Metodis, Thomas Birch Freeman, ya ziyarci Sarki Gezo na Abome. Daga nan sai 'yan mishan na Katolika suka sauka a garin Wida a watan Afrilu na 1861, a ƙarƙashin jagorancin Fada Francesco Borghero. Babban abin da waɗannan 'yan mishan suka riƙe shi ne makaranta. Ta hanyarta ne suka samu mabiya, ta hanyarta ne kuma aka samar da akawuna da malamai da tafintoci waɗanda Faransa ta yi ta aikawa zuwa sauran ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma, har da Nijar. Yawan 'yan bokon Dahomi ya kai ga Faransawa suna kwatanta ƙasar da unguwar ɗalibai ta birnin Faris.

A shekarar 1914 aka buɗe makarantar horar da limaman Katolika a Wida, kuma a 1928 aka naɗa ɗan ƙasa na farko, Thomas Moulero, a matsayin fada. A watan Janairu na 1960, wato watanni kaɗan kafin samun mulkin kai a ranar 1 ga Agusta, Bernardin Gantin ya zama Akbishop na Kwatano. Ya riƙe wannan muƙami har 1971, lokacin da Fafaroma ya kira shi zuwa Rum, Christophe Adimou ya gaje shi.

A arewacin ƙasar kuwa, inda Musulunci ya riga ya kafu a tsakanin Dandawa da Fulani da Hausawa da wani ɓangare na Bargawa, aikin mishan bai yi ƙarfi ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙungiyar SIM, wadda mutanen Sakkwato suka sani ta dalilin asibitin kutare na Amanawa, ta shiga yankin a wajejen wannan lokaci, ta kuma kafa asibiti a Bembereke. Baya ga waɗannan, akwai majami'un da 'yan ƙasa suka ƙirƙiro da kansu, mafi girma daga cikinsu ita ce cocin Selestiyal, wadda 'yan Nijeriya suka fi sani da Sele. Wani kafinta mai suna Samuel Oshoffa ne ya kafa ta a Porto-Novo a shekarar 1947.

Idan aka yi la'akari da waɗannan bayanai, za a ga cewa a lokacin da sojoji suka karɓi mulki a 1972, Kiristoci ba su ne mafi rinjaye a ƙasar ba, domin kuwa mabiya addinin gargajiya sun fi su yawa. Amma kuma su ne suke riƙe da kaso mai tsoka na makarantu, kuma daga hannunsu mafi yawan manyan ma'aikatan gwamnati suka fito.

3.2 Hawan Kerekou da Rungumar Akidar Markis da Lenin

Daga 1960 zuwa 1972 Dahomi ba ta samu zama lafiya ba. An yi juyin mulki a 1963 da 1965 da 1967 da kuma 1969, sakamakon takarar da ke tsakanin manyan 'yan siyasa uku, wato Hubert Maga da Sourou-Migan Apithy da Justin Ahomadegbe, kowannensu da yankin da yake taƙama da shi. A 1970 aka yi yarjejeniyar su riƙa karɓa-karɓa, kowa shekara biyu. Ba a kai ƙarshen wannan tsari ba sai Manjo Mathieu Kerekou, ɗan yankin Atakora a arewa maso yamma, ya hamɓarar da shi a ranar 26 ga Oktoba, 1972.

Da farko sabuwar gwamnati ba ta ɗauki wata akida ta musamman ba, illa kishin ƙasa da sukar Faransa. Sai a ranar 30 ga Nuwamba, 1974, a dandalin Goho da ke Abome, Kerekou ya bayyana cewa ƙasar ta zaɓi tafarkin gurguzu bisa koyarwar Markis da Lenin. Bayan shekara guda cif aka sauya wa ƙasar suna zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin, aka kuma kafa jam'iyya guda tilo mai suna PRPB. Gwamnati ta karɓe bankuna da harkar man fetur, ta kafa kwamitocin juyin juya hali a unguwanni da ƙauyuka. Jaridar gwamnati ta koma amsa sunan Ehuzu, kalmar da ke nufin juyi a harshen Fon. An kuma tilasta wa ma'aikata da 'yan makaranta halartar darussan akida da maimaita kirarin da ke nuna cewa a shirye suke domin juyin juya hali, kuma gwagwarmaya tana ci gaba.

A koyarwar Markis, addini wani abu ne da ke kwantar wa talaka hankali ya haƙura da zalunci, saboda haka zai gushe da kansa idan aka kawar da zaluncin. Lenin kuwa bai jira ba, domin tun a farkon 1918 ya fitar da dokar da ta raba coci da gwamnati, ta kuma raba makaranta da coci. Albaniya ta wuce nan, inda ta rufe dukkan masallatai da majami'u a 1967. Gwamnatin Benin ba ta kai ga haka ba. Babbar Dokar ƙasa ta 1977 ta amince wa kowa ya yi imani ko ya ƙi yi, amma da sharaɗin kada addini ya zama abin yi wa juyin juya hali karan tsaye. Wannan sharaɗi shi ne maƙogwaron al'amarin, saboda gwamnati ce kaɗai take da ikon fassara abin da ake nufi da karan tsaye.

3.3 Karɓe Makarantun Mishan

Matakin farko da ya taɓa Kiristoci baki ɗaya shi ne karɓe makarantu. A shekarar 1974 gwamnati ta mayar da makarantun firamare na mishan a ƙarƙashin ikonta. A 1975 aka ƙaddamar da wani tsarin ilimi mai suna Sabuwar Makaranta, wanda ya tanadi cewa kowace makaranta ta zama wurin koyo kuma wurin noma da sana'a, ta riƙa samar da wani ɓangare na kuɗin gudanar da ita. Koyar da akidar jam'iyya ya maye gurbin koyar da addini.

Ya kamata a lura cewa karɓe makarantun mishan ba a Benin kaɗai aka yi shi ba a wancan zamani. A Nijeriya ma jihohi da dama sun yi haka bayan yaƙin basasa, tun daga Jihar Gabas ta Tsakiya a 1970, ba tare da wata akidar gurguzu ba. Bambancin da ke akwai shi ne abin da aka cusa a madadin darasin addini. A Nijeriya an ci gaba da koyar da addinin Kirista da na Musulunci a makarantun gwamnati. A Benin kuwa, yaron da mahaifinsa ya kai shi coci ranar Lahadi, zai wayi gari ranar Litinin malami yana koya masa cewa addini na daga cikin kayan aikin 'yan mulkin mallaka.

Illar wannan mataki ga cocin Katolika babba ce, saboda an raba ta da hanyar da ta fi shekara ɗari tana bi wajen samun mabiya da tarbiyyantar da su. Duk da haka, ba a rufe majami'unta ba, makarantar limamai ta Wida ta ci gaba da yaye ɗalibai, kuma asibitin 'yan Katolika na Tangiyeta, wanda aka buɗe a 1970, ya ci gaba da karɓar marasa lafiya. A nan za a fahimci cewa gwamnati tana zaɓen abin da za ta taɓa. Asibiti yana rage mata nauyi, makaranta kuwa kishiya ce a gare ta.

3.4 Cocin Katolika da Ɗaurin Fada Quenum

A watan Janairu na 1975 wani hafsan soja da ke cikin gwamnati, Kyaftin Janvier Assogba, ya tayar da ƙayar baya yana zargin shugaban ƙasa da almundahana. Yunƙurin nasa bai yi nasara ba. A shari'ar da ta biyo baya an yanke wa mutane da dama hukuncin kisa, ciki har da tsohon shugaban ƙasa Emile Derlin Zinsou, wanda ke gudun hijira, da kuma wani limamin Katolika masanin tarihi, Fada Alphonse Quenum. Ba a zartar da hukuncin a kan Fada Quenum ba, amma ya shafe kusan shekara goma a tsare, bai fito ba sai a afuwar da aka yi a 1984. Daga baya ya zama shugaban Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma.

Tuhumar da aka yi masa ta siyasa ce, amma saƙon da ɗaurinsa ya isar ya wuce shi kaɗai. An nuna wa sauran limamai cewa rigar fada ba za ta kare kowa ba. Tun daga wannan lokaci manyan limaman cocin, a ƙarƙashin Akbishop Adimou, suka ɗauki hanyar taka-tsantsan. Ba su yi wa jam'iyya mubaya'a ba, ba su kuma fito fili sun yi fito-na-fito da ita ba.

Ana iya kallon wannan shiru ta fuska biyu. Ta fuska ta farko, shiru ne da ya bar waɗanda ake azabtarwa ba su da mai yi musu magana a shekarun da suka fi buƙata. Ta fuska ta biyu kuwa, shi ne ya ba cocin damar tsira da tsarinta da limamanta da mutuncinta, a daidai lokacin da jam'iyya ta haɗiye ƙungiyoyin ƙwadago da na mata da na matasa. Wani abin da ya taimaka wa cocin shi ne alaƙarta da Rum, musamman bayan da Fafaroma ya ɗaga Gantin zuwa muƙamin Kadinal a 1977. Hausawa na cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Gwamnatin Kerekou ta san cewa duk abin da ta yi wa 'yan Katolika, duniya za ta ji.

3.5 Ƙananan Majami'u da Yaƙi da Maita

Majami'un da ba su da irin wannan gata su ne suka fi jin jiki. Misali mafi fitowa fili shi ne na Shaidun Jehobah. A bisa koyarwarsu, ba sa shiga siyasa, ba sa sara wa tuta, ba sa kuma ɗaga murya su yi wa wata gwamnati kirari. A ƙasar da ake buƙatar kowa ya amsa kirarin juyin juya hali a makaranta da ofis da taron unguwa, wannan hali ya sa suka fita zakka. A watan Afrilu na 1976 gwamnati ta haramta ƙungiyar, ta kori 'yan mishan ɗinsu na ƙasashen waje, ta kuma ƙwace ofishinsu na Kwatano da ɗakunan taronsu. An kama wasu daga cikin mabiya, an doke su, an tsare su, wasu kuma suka tsallaka zuwa Nijeriya. Haramcin bai tashi ba sai a farkon 1990, wato bayan kusan shekara 14.

Abin lura a nan shi ne, Shaidun Jehobah ba su da makarantu masu yawa ko dukiyar da za a yi kwaɗayi, ba su kuma da hannu a wani yunƙurin juyin mulki. Laifinsu guda ne, wato ƙin furta kalmomin da aka umurce su su furta. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa biyayya ce gwamnati take nema, kuma tana son ta ji ta da kunnenta.

Cocin Sele ma ta shiga irin wannan hali ta wata hanyar. A tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta ƙaddamar da abin da ta kira yaƙi da maita da mulkin gargajiya. Asalin waɗanda aka nufa su ne sarakuna da matsafa da shugabannin addinin Bodun, wanda ke da kama da bori ta wasu fuskoki. An sare manyan itatuwan loko da ake tsafi a gindinsu, an taƙaita zaman da ake yi a gidajen girka, an kuma kama mutane da yawa, musamman tsofaffin mata, aka tilasta musu amsa cewa su mayu ne. Majami'un da ke aiki da wahayi da warkarwa ta addu'a sun shiga cikin zargi, domin a idon jami'an jam'iyya babu wani bambanci tsakanin mai duba da mai cewa ruhu ya sauko masa. Ga kuma tarin jama'a da ke bin Oshoffa suna jin maganarsa, abin da gwamnati mai jam'iyya guda ba ta iya jurewa. A shekarar 1976 Oshoffa ya bar ƙasar haihuwarsa ya koma Nijeriya, inda cocin ta riga ta kafu a Legas. Ya rasu a 1985 sakamakon haɗarin mota, aka binne shi a Imeko ta Jihar Ogun. Wannan hijira ta taimaka ƙwarai wajen mayar da ƙarfin cocin zuwa Nijeriya.

Bugu da ƙari, harin da sojojin haya suka kai Kwatano a ranar 16 ga Janairu, 1977 a ƙarƙashin Bafaranshe Bob Denard ya ƙara wa gwamnati zargin duk wata ƙungiya mai alaƙa da ƙasashen waje, kuma majami'u na cikin waɗanda aka sa wa ido.

3.6 Kwatanci da Gini da Habasha

Domin a auna al'amarin Benin da ma'aunin da ya dace, yana da kyau a dubi wasu ƙasashen Afirka guda biyu na wancan zamani. A Gini, gwamnatin Sekou Toure mai ra'ayin gurguzu ta kori 'yan mishan Turawa a 1967. Bayan harin da Fotugal ta kai Konakiri a watan Nuwamba na 1970, an kama Akbishop Raymond-Marie Tchidimbo, aka tsare shi a sansanin Boiro har 1979. A Habasha kuwa, gwamnatin soja ta Dergi, wadda ta hamɓarar da Sarki Haile Selassie a 1974, ta ƙwace filayen cocin Otodoks a 1975, ta tuɓe shugabanta Abuna Tewofilos a 1976, ta kuma kashe shi a 1979. A wannan shekarar ce kuma aka kashe Gudina Tumsa, babban sakataren cocin Mekane Yesus.

Idan aka kwatanta, za a ga cewa matsin Benin bai kai na waɗannan ƙasashe zubar da jini ba. Dalili kuwa shi ne, a Habasha coci tana jingine da gadon sarauta, tana kuma da filaye masu yawa, saboda haka rushe sarautar ya haɗa da ita. A Benin cocin ba ta da irin wannan matsayi. Haka kuma, akidar ba ta ratsa jinin shugabannin Benin sosai ba, har 'yan ƙasar suka riƙa yi mata ba'a da cewa gurguzun ganin dama ne. Hasali ma, waɗanda suka fi cika gidajen kurkuku a shekarun 1980 su ne ɗalibai da 'yan Jam'iyyar Kwaminis ta Dahomi, wadda aka kafa a ɓoye a 1977, masu ganin cewa gurguzun Kerekou na bogi ne. An tsare da yawa daga cikinsu a Segbana, garin da ke daura da Tsamiya a bakin iyakar tsohuwar Jihar Sakkwato.

3.7 Shekarun Sassauci, 1980–1989

Daga 1980 al'amura suka fara sauyawa. A wannan shekara, lokacin wata ziyara da Kerekou ya kai Libiya, kafofin labarai suka bayar da rahoton cewa ya musulunta ya ɗauki sunan Ahmed. A ranar 17 ga Fabrairu, 1982 Fafaroma John Paul na Biyu ya yada zango a Kwatano bayan ziyarar da ya kawo Nijeriya, inda ya je har Kaduna. Kerekou ya tarbe shi da jawabin yabon juyin juya hali, amma kuma ɗimbin jama'ar da suka fito sun nuna wa gwamnati cewa shekarun darasin akida ba su rage wa cocin mabiya ba. A cikin waɗannan shekaru ne kuma wani malamin tsibbu ɗan ƙasar Mali, Mohamed Amadou Cisse, ya samu shiga ƙwarai a fadar shugaban ƙasa. Ke nan gwamnatin da ta ɗaure tsofaffi da sunan yaƙi da camfi ita ce ta koma dogaro da mai duba. An gurfanar da Cisse a gaban shari'a a 1992 bisa laifin wawure kuɗin banki, aka ɗaure shi.

Babban abin da ya karya lagon gwamnati shi ne tattalin arziki. Ƙasar ta dogara ƙwarai da cinikin da take yi da Nijeriya, saboda haka korar baƙin haure da gwamnatin Shagari ta yi a 1983, da rufe iyakoki daga 1984 zuwa 1986, sun yi mata mummunar illa. Zuwa 1988 bankunan gwamnati sun durƙushe, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. A 1989 malamai da ɗalibai da ma'aikata suka shiga yajin aiki. A lokacin azumin Kirista na wannan shekara ne bishop-bishop na ƙasar suka fitar da wata wasiƙa mai taken "Ku Tuba, Benin Za Ta Rayu", inda suka yi tir da cin hanci da rashin gaskiya, suka kuma ɗora alhakin a kan shugabanni da talakawa baki ɗaya. A ranar 7 ga Disamba, 1989, wata guda bayan faɗuwar katangar Balin, gwamnati ta sanar da cewa ta ajiye akidar Markis da Lenin.

3.8 Babban Taron Ƙasa na 1990

Daga ranar 19 zuwa 28 ga Fabrairu, 1990 aka gudanar da babban taron ƙasa a Kwatano, wanda ya tara wakilai kusan 500 daga sojoji da 'yan ƙwadago da ɗalibai da shugabannin addinai da 'yan siyasar da suka dawo daga gudun hijira. Da aka zo neman wanda zai shugabanci taron, sai aka rasa wanda kowa zai amince da shi in ba limamin coci ba. Aka zaɓi Isidore de Souza, wanda yake mataimakin Akbishop na Kwatano tun 1981. A ranar 25 ga wata wakilan suka ayyana cewa hukuncin taron yana sama da na gwamnati. An shiga fargabar ko sojoji za su tarwatsa taron, amma de Souza ya yi ta kai-kawo tsakanin zauren da fadar shugaban ƙasa, har Kerekou ya amince da abin da aka zartar.

Taron ya naɗa Nicephore Soglo Firayim Minista, ya kuma ɗora de Souza a kan majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya. An amince da sabon tsarin mulki a watan Disamba na 1990, wanda ya tabbatar da 'yancin addini, aka kuma shiga mayar wa majami'u makarantunsu. A zaɓen Maris na 1991 Soglo ya kayar da Kerekou. Majalisar da de Souza yake jagoranta ce ta ba Kerekou kariya daga tuhuma, domin a samu ya sauka lami lafiya. Bayan shekara biyar Kerekou ya sake cin zaɓe, a wannan karon a matsayin Kirista mai tsananin riƙo. A wajen rantsuwar kama aiki ta 1996 ya tsallake kalmomin da suka ambaci ruhohin kakanni, har sai da kotun tsarin mulki ta sa ya sake rantsuwar. Ya yi mulki har 2006, ya rasu a 2015.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda gwamnatin gurguzu ta Benin ta karɓe makarantun mishan, ta ɗaure limamin Katolika kusan shekara goma, ta haramta Shaidun Jehobah, ta kuma sa shugaban cocin Sele gudun hijira. An ga kuma cewa nauyin matsin bai sauka daidai a kan kowa ba. Cocin da take da Rum a bayanta ta rasa makarantu amma ta tsira da kanta, waɗanda ba su da kowa kuwa suka rasa wuraren ibada da 'yancin taruwa.

Sakamakon matsin bai zo yadda gwamnati ta so ba. Ƙidayar jama'a ta 2013 ta nuna cewa 'yan Katolika sun kai kashi 25.5 cikin 100 na al'ummar ƙasar, mabiya Sele kashi 6.7, Musulmi kashi 27.7, mabiya Bodun kuma kashi 11.6. Jam'iyyar PRPB kuwa ta rushe tun 1990. Abu mafi muhimmanci ga mai nazarin tarihin wannan yanki shi ne sharaɗin nan na Babbar Dokar 1977, wanda ya rataya 'yancin ibada a kan yardar gwamnati. Sharaɗin bai ambaci sunan wani addini ba. An yi amfani da irin wannan hujja a kan matsafan Bodun da Shaidun Jehobah da mabiya Sele, kuma babu abin da ke cikinsa da zai hana a yi amfani da shi a kan limamin masallaci a Kandi ko Jugu, da a ce bukatar gwamnati ta juyo ta can. Wannan ne ya sa wakilan taron 1990, Musulminsu da Kiristansu da mabiya gargajiya, suka haɗu a kan tsarin mulkin da ya cire wannan sharaɗi.